Yadda Ake Tayar da Wasa na Bakwai, ga Uban da Tocila Kawai Ya Riƙe

Gargaɗi tun daga bakin ƙofa: a mataki na biyar komai zai lalace. Na faɗa maka yanzu don kada ka zo ka tare ni a kasuwa. Amma in ka daure ka bi matakan nan takwas yadda na jera su, na ba ka tabbacin tsohon akwatin wasanka na talabijin zai tashi, gyaran da ka shekara goma sha huɗu kana tutiya da shi zai dawo aiki, 'yarka kuma za ta ci gaba da gaishe ka a durƙushe. An gwada hanyar nan sau ɗaya a Ƙofar Marke, a kan wani mai sayar da atamfa da ake kira Alhaji Maigandi, kuma har yau yana nan da ransa. Kada ka tambaye ni yadda na san abin da ke cikin zuciyarsa.

Mataki na ɗaya: Ka mallaki akwatin, ka mallaki labarin

Ka je aikin Hajji a shekarar 1978, lokacin da kuɗin mai ya sa ko mai atamfa yana jin kunyar dawowa da dabino da zamzam kawai. In wannan ya wuce ka, darasin ba naka ba ne, ka miƙa wa na kusa da kai.

Ka sayo akwatin wasa irin wanda ake jona wa talabijin. Wasanni shida ne a cikinsa, kowanne da sunansa mai girma, amma duk abu ɗaya ne: farin kara a hagu, farin kara a dama, da wani ɗigo mai kusurwa huɗu da ake ce wa ƙwallo yana kai da kawowa yana kuka kamar ɗan tsako.

Sannan ka samu maƙwabci irin Filibus, mai gyaran rediyo, mutumin kudancin Zariya da ya zauna Sakkwato har ya fi wasu 'yan gari sanin lunguna. Shi ya karanta a wata mujalla cewa masu ƙera akwatin sun ɓoye wasa na bakwai a ciki, ƙwallon ƙafa wanda gefe ɗaya ke da 'yan wasa uku, ɗayan gefen biyu. Waya biyu da ɗan makunni ake ƙara masa ya fito. Wata Asabar da rana shi da Maigandi suka rufe kansu a shagonsa, shagon da ko da tsakar rana sai an lalubi ƙofa. Filibus ya ɗora ƙarfensa na liƙa waya a garwashi, ya narka dalma, ya liƙa, ya warware, ya sake liƙawa. Maigandi ya riƙe tocila. Awa uku.

Nan ne gwanintarka za ta fara. Idan unguwa ta taru a zaure tana kallon kara uku suna cin kara biyu, wani zai tambaya, “Wa yay yi wanga aiki?” Ka duba ka ga Filibus ya fita wanke hannu. Kada ka yi ƙarya, ƙarya ba ta dace da wanda ya dawo daga Makka ba. Ka yi gyaran murya kawai, ka ce, “Ai ya ba mu wahala.” Sauran aikin mutane za su yi maka. Bayan shekara biyu Filibus zai mayar da shagonsa Mabera, kalmar “mu” kuma za ta rame da kanta har ta koma “ni”.

Mataki na biyu: Ka haifi 'ya mai riƙe magana

Yara da yawa suna jin labarin ubansu su yi hamma. Ka guji irin waɗannan, ba su da amfani a darasin nan. Ka samu irin Zulaihatu, wadda tun tana shekara bakwai ta kwance rediyon gida gaba ɗaya, da aka ɗauko mata bulala ta ce, “Baba ma hakanan yaf fara.” Aka mayar da bulala.

Ka bar ta ta girma a kan labarin. Ta gama sakandare, ta shiga kwalejin fasaha sashen lantarki, ita kaɗai mace a cikin mutum arba'in da ɗaya. Kai kuma ka riƙa gaya wa masu sayen atamfa cewa gado ne.

Yanzu 1992 ake ciki. Soja ke mulki ran da aka sayo akwatin, soja ke mulki yau, sai dai kuɗin man ne ba a san inda ya shiga ba. Zulaihatu ta dawo hutun zangon farko, ta yi kwana biyu ba ta taɓa ko makunnin fitila ba. Ran na uku ta sami Maigandi a zaure bayan la'asar, ta durƙusa.

“Baba, ni ba ni komawa.”

Ka ajiye kofin shayinka a hankali. Uban da ya zubar da shayi ya riga ya faɗi rabin jarrabawa.

“Mi anka yi miki?”

“Ba a yi min komi ba, shi na abin. Wata ukku muna shiga ɗakin aiki, ko sau guda ba su bar ni na taɓa ƙarhe ba. In an raba aiki sai su ce, Zulai, riƙa muna tocila. Baba, riƙon tocila aiki na?”

Ka ce, “Ba aiki ba na.” Haka Maigandi ya faɗa.

“To ka hiddo akwatin nan. Ka nuna min yadda kay yi wasa na bakwai, in gani da idona. In na ga hannunka ya yi, na san nawa ya iya, sai in koma. In ba hakanan ba, in zamna gida in taya Inna ɗinki.”

Ranar Asabar ake komawa makaranta. Yau Litinin. Ka ce, “Wanga ai ƙaramin abu na.” Sannan ka tashi ka shiga ban-ɗaki, ka daɗe.

Mataki na uku: Ka nemi akwatin a inda ka san ba ya nan

Mai hikima ba ya gaggawar samun abin da zai tona shi. Ka duba ƙarƙashin gado. Ka duba rumbun da aka daina zuba gero. Ka ce wataƙila an ba wani aro tun zamanin farar hula. In ka iya, ka ci kwana biyu a haka.

Abin da zai ɓata maka shiri shi ne mace. Hajiya Bara'atu, matar Maigandi, ta bar shi ya yi yini ɗaya yana zufa, sannan ta hau kujera ta sauko da akwatin daga saman sif, a naɗe cikin tsohon zani, tsaf.

“Ga shi, Alhaji. Na aje ma shi da kyau, don na san wahalad da kas sha.” Ta kaɗe ƙurar zanin. “Ni ko nik kai muku hura shagon ranan nan. Na ishe ka tsaye, hannu sama, ko motsi ba ka yi.”

Kada ka amsa. Matar da ta yi shiru shekara goma sha huɗu ba mantawa ta yi ba, ajiya ta yi.

Mataki na huɗu: Ka yi kama da mai aiki

Ka jona akwatin. Ba zai tashi ba, kuma wannan rahama ce. Ka buɗe wurin batir, za ka tarar tsofaffin sun yi tsatsa sun zubar da wani farin gari, zanzaro kuma ya gina ɗaki biyu a gefe har ya yaye 'ya'yansa. Ka nuna wa 'yarka wannan da fuskar likita. Ka rushe gidan zanzaron da tsinken tsintsiya, ka hura, ka sa sabon batir. Wasanni shida za su dawo suna kukan 'yan tsaki. Ka danna ɗan makunnin baya, na wasa na bakwai. Shiru.

Daga nan ka kiyaye doka ɗaya: noti huɗun da ke riƙe da murfin akwatin, kada ka kusance su. Abin da ke ciki ba ka san shi ba, shi ma bai san ka ba.

Sauran dabaru kuwa suna da yawa. Ka bubbuga gefen akwatin da tafin hannu, ka kara kunne. Ka juya eriya gabas, ka juya ta yamma. Ka ɗora laifi a kan talabijin, ka ce na yanzu ba su da ƙarfin na da. Ka saƙala fensir a bayan kunne. Ka je kasuwa ka sayo sabuwar sukundireba mai jan mariƙi, ka ɗora ta a kan akwatin don kowa ya ga aiki ya kusa. In an ɗauke wuta, ka yi tsaki da ƙarfi, a ranka kuma ka yi hamdala.

Zulaihatu za ta zauna a gefe da littafi da biro tana rubuta duk abin da ka yi.

“Baba, bugun nan na mi na?”

“Ana tada shi daga kwana.”

Ta rubuta. Ka kau da kai, don ganin yarinya mai hankali tana rubuta wannan magana a littafin makaranta abin kunya ne.

“Yaushe za mu buɗe cikinai?”

“Gobe. Ba a buɗe irin wanga da marece.”

Gobe kuma ka ce ba a buɗe shi da safe. Wannan zai kai ka Alhamis. Ba zai kai ka Asabar ba.

Mataki na biyar: Ka je wurin mai aikin, a ɓoye

Ka ce za ka duba wani kaya a kasuwa. Ka bar akwatin a gida, don in ka fita da shi za a tambaye ka ina za ka kai shi. Ka hau kabu-kabu zuwa Mabera, tunda besfarka ta kwana uku a layin mai. Shirinka mai sauƙi ne: Filibus ya zana maka a takarda wace waya ke zuwa ina, ka haddace a hanya.

Maigandi ya sami Filibus a ƙofar shago a kan benci, gashi ya yi fari, tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, hannun dama yana ɗan karkarwa a kan gwiwa.

“A'a, Injiniya da kansa,” in ji Filibus. “Yau rediyon wa ya mutu da har aka tuna da mu ƙananan ma'aikata?”

Ashe labarin ya iso Mabera tuntuni. Ka yi dariya tare da shi, ba ka da zaɓi. Ka tambayi iyali, ka tambayi coci, ka yi zancen tsadar gero. Sannan ka faɗi abin da ya kawo ka, duka, har maganar tocila.

Filibus ya daina dariya. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

“Zane ba zan iya ba, Maigandi. Ka ga hannun. Kuma aikin shekara goma sha huɗu, ko idona na da kyau sai na ga cikinsa. Amma yarinyar nan ta yi kuskure wuri ɗaya. Na yi yara a shagon nan sun fi ashirin, babu wanda ya taɓa riƙe mini haske awa uku bai kaɗa ba sai kai. Ina kai ƙarfe, haske ya riga ni isa. Shi ya sa na rubuta.”

“Kar rubuta mi?”

“A cikin murfi mana. Ka san ƙa'idata. Duk abin da na buɗe, kafin in rufe sai na manna filasta a cikin murfin, in sa kwanan wata, da abin da aka yi, da wanda ya yi. Don in ya dawo bayan shekaru in gane hannuna. Naka ma na tuna shi sarai: Filibus ya haɗa, Maigandi ya riƙe tocila.” Ya mayar da tabarau. “Ba ka taɓa buɗewa ba?”

A nan ne za ka tuna inda ka bar sukundireba mai jan mariƙi, da wadda ka bari zaune kusa da ita.

Na gaya maka tun farko. Ba ka da bakin ƙorafi.

Mataki na shida: Ka koma gida da sauri, amma ka shiga da sallama

Ka ce wa mai kabu-kabu ya yi gudu, in ya yi kuma ka ce ya rage, kana da iyali. A hanya ka shirya jawabi uku: na farko cewa Filibus mutum ne mai son barkwanci, na biyu cewa a zamanin da “riƙe tocila” na nufin shugabantar aiki, na uku gaskiya. Ka jera su haka, don na ukun ya samu lokacin shiryawa.

Maigandi ya tarar an ɗauke wuta. A ɗakin tsakiya, wanda tagarsa ɗaya ce kuma katangar maƙwabta ta tare ta, Zulaihatu na zaune a tabarma. Akwatin a buɗe. Noti huɗu a cikin murfin kwano. Kurfotin uwarta a gefe da garwashi, ƙarfenta na makaranta, wanda ba ta taɓa amfani da shi ba, yana ciki yana ɗaukar zafi. Murfin akwatin kuwa yana kan tabarma a kife, ta ɗora littafinta a kai.

A kife. Ko ta kife shi ba ta duba ba, ko ta duba sannan ta kife. Ka tsaya a bakin ƙofa ka auna waɗannan biyu, ba za ka samu komai ba sai jiri.

“Sannu da dawowa, Baba. Na gaji da jira. Ka yi haƙuri.” Ba ta ɗago ba. “Ga waya guda ta saki nan wajen makunni, na gane ta. Amma ba ni ganin inda tat taso. Duhu ya yi yawa.”

Ta miƙo maka tocila.

Mataki na bakwai: Ka riƙe tocila

Wannan ne kaɗai matakin da ba sai na koya maka ba.

Ka durƙusa a gefenta, kai da rabonka da durƙusa wa wani tun rasuwar mahaifinka. Ka dafe gwiwar hannu a cinya. Kada ka haska inda take kallo, ka haska inda za ta kalla nan gaba. Idan ta ɗauko ƙarfe, ka karkata kaɗan don inuwar hannunta ta faɗi baya. Idan hayaƙin dalma ya shiga idonka, ka bar shi ya shiga.

Ta kankare tsatsa da bakin reza. Ta liƙa, ya saki. Ta ja tsaki, ta sake ɗora ƙarfe a wuta. A karo na biyu dalma ta ɗiga inda bai kamata ba, ta tsaya tana kallonta.

“Na ɓata shi.”

“Ba ki ɓata ba. Bari shi huce, ki ɗauke da bakin ƙarhe, ki sake. Ranan nan ma sau huɗu anka sake.”

Ka lura, “anka” ya ce, bai ce “ni” ba. Maigandi bai shirya ta ba, da kanta ta fito. Zulaihatu ta bari ya huce, ta ɗauke, ta sake. Hajiya Bara'atu ta shigo da kwanon fura, ta dube su su biyu, ta buɗe baki, sannan ta ajiye kwanon ta fita. A duk zamansu wannan ce kyauta mafi girma da ta taɓa yi masa.

Sun fi awa ɗaya a haka. Da ta ajiye ƙarfen sai ta juyo ta kalli hannunsa, wanda har lokacin yake sama.

“Baba, ka san 'yan ajinmu in sun riƙa wa juna, cikin ido suka haska ma mutum. Kai ko tun ɗazu ban ce ma matsa nan ba ko sau guda.”

Ga dama ta zo ta jawabi na uku. Maigandi ya buɗe baki. Sai firji ya yi ƙara a tsakar gida, wuta ta dawo, talabijin ya kawo haske. Ta danna ɗan makunnin baya. Kara uku a gefe ɗaya, kara biyu a ɗayan, ɗigon yana kuka a tsakaninsu kamar bai taɓa yin shiru ba.

Ta miƙa masa gefen mai uku, kamar yadda ya saba ɗauka tun tana goye. Ta ci shi sha biyar da huɗu.

Mataki na takwas: Ka bar mai aiki ta rufe aikinta

Idan aka zo rufewa, za ta ce, “Baba, ɗebo min ruwa in wanke hannu.” Ka je. Kana dawowa da buta za ka hango ta ta ƙofa, murfin akwatin a kan cinyarta, cikinsa yana kallonta, ta yanko sabuwar filasta ta manna, tana rubutu da biro. Ba layi ɗaya ba. Ka tsaya a tsakar gida ka yi kamar kana gyara bakin buta har sai ka ji noti na huɗu ya ɗauru.

Ranar Asabar Maigandi ya raka ta tasha. Ƙarfen yana cikin jakarta, a naɗe cikin ɗankwali. Sukundireba mai jan mariƙi ta bar masa. Da mota ta kusa tashi ta leƙo ta taga.

“Baba, in kun haɗu da Baba Filibus ka gaishe min da shi.”

Shekararta biyar lokacin da Filibus ya bar unguwar, kuma a satin nan babu wanda ya ambaci sunansa a gabanta. Ka ce, “Shi ji.” Ka ɗaga hannu har motar ta sha kwana.

Sanarwar wanke hannu

Wanda ya rubuta wannan ba injiniya ba ne, aji bakwai na firamare ya tsaya, kuma bai ɗauki alhakin komai ba: ko talabijin da ya ƙone, ko yatsan da dalma ta taɓa, ko matar da ta riƙa kiran mijinta Injiniya a gaban baƙi, ko uban da ɗansa ya buɗe murfi ya karanta da ƙarfi. Alkawarin da na yi a farko na cika shi: akwati ya tashi, wasa na bakwai ya dawo, gaisuwa kuma ba ta canza ba. Abin da ya wuce wannan tsakaninka ne da iyalinka.

Akwatin yana nan a ɗakin Maigandi, sukundireba a kansa, noti huɗu a ɗaure. Zulaihatu ta aiko wasiƙa cewa yanzu ita ke riƙe ƙarfe a rukuninsu. Abin da ta rubuta a cikin murfin, da ranar da ta fara sanin gaskiya, ko a wannan Alhamis ɗin ne ko tun shekaru kafin ta, har yau Maigandi bai sani ba.